The Zombies: ƙungiyar da kasuwarta ta buɗe bayan ta watse

A watan Maris na 1969 wata waƙa mai suna Time of the Season ta hau mataki na uku a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka na mujallar Billboard. A jerin mujallar Cash Box kuwa ita ce ta ɗaya. Masu shirya wasanni suka shiga neman mawaƙan ruwa a jallo, kowa da kuɗinsa a hannu, amma babu wanda za a ɗauka haya. Ƙungiyar da ta yi waƙar, The Zombies, ta fi shekara guda da watsewa. Wanda ya rera ta, Colin Blunstone, bayan watsewar har aikin akawu ya kama a wani kamfanin inshora a Landan, a sashen da ke duba takardun mutanen da ɓarayi suka fasa wa gida.

Yawancin masu ba da labarin nan sukan tsaya a kan rashin sa'a: da waƙar ta yi tashe da wuri, da ba su rabu ba. Akwai gaskiya a ciki, amma rabin gaskiyar ce. Na daɗe ina sauraron samarin nan biyar, kuma duk lokacin da na koma kan tarihinsu sai in ga abin da ya kashe ƙungiyar yana nan tun ranar da suka sa hannu a takardar farko. Hanyar da kuɗi ke bi a sana'ar waƙa ta wancan zamani ta raba su gida biyu, alhali suna cikin mota ɗaya, suna hawa dandamali ɗaya.

Garinsu St Albans, ɗan ƙaramin birni mai tsohuwar majami'a a arewa da Landan, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. A 1961 suka fara haɗuwa, dukansu 'yan makarantar sakandare. Rod Argent, Paul Atkinson da Hugh Grundy makarantarsu ɗaya. Colin Blunstone da Paul Arnold suna wata makarantar ta daban a garin. Ranar gwajin farko Blunstone ya zo da karyayyen hanci da kumburarrun idanu, tsarabar wasan rugbi, har sauran suka riƙa fatan Allah ya sa ba shi ne sabon yaron da aka ce zai zo ba. Kayan kiɗan ma aro ne, na ƙungiyar ɗan'uwan Argent, Jim Rodford. An tsara cewa Argent ne zai yi waƙa, Blunstone ya riƙe jita. Da aka tafi hutu sai Argent ya zauna gaban wani tsohon fiyano da ke gefen ɗakin ya fara kaɗawa. Blunstone ya ji, ya ce masa ai nan ne wurinka. Shi ma Argent da ya ji Blunstone yana rera waƙa a hankali shi kaɗai, ya ce to kai ne mawaƙin. A rana ɗaya suka yi musayar aiki, kuma wannan musaya ita ce ta ba ƙungiyar sautinta: fiyano a gaba, jita a baya, da murya mai laushi wadda kamar da numfashi ake yin ta. Daga baya Arnold ya bar su ya tafi karatun likita, Chris White ya karɓi jitar bes, wato mai babbar murya. Arnold ɗin ne dai ya raɗa musu suna kafin ya tafi.

Ba su kaɗai ba ne. Ingila ta farkon shekarun 1960 cike take da irin waɗannan ƙungiyoyi na samari huɗu ko biyar, da jita da ganga, suna kwaikwayon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka. Kiɗan ne aka laƙaba wa suna beat saboda ƙarfin bugun gangarsa. Dalilan yawansu a fili suke. An daina ɗibar samari aikin soja na dole tun 1960, don haka yaro ɗan shekara 18 ya samu lokacin kansa. Ana sayar da jita bashi a biya da kaɗan-kaɗan. Sannan The Beatles daga Liverpool sun nuna cewa yaran unguwa za su iya rubuta waƙarsu da kansu su ci duniya da ita. Ranar 9 ga Fabrairu 1964 suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan, mutum kusan miliyan 73 suka kalla, daga nan ƙofar Amurka ta buɗe wa duk wani mai jita da harshen Ingila a bakinsa. Kamfanin Decca, wanda ya yi wa Beatles gwaji a Janairun 1962 ya ce ba ya so, ya shiga ɗibar ƙungiyoyi don kada a sake yi masa haka.

A daidai wannan gaɓar The Zombies suna shirin rabuwa ne ma, domin makaranta ta ƙare, wasu na haramar jami'a, wasu aikin ofis. Sai suka shiga wata gasar kiɗa ta yankinsu mai suna Herts Beat a 1964, suka cinye, aka ba su fam 250, Decca ta yi musu tayi. Ranar 12 ga Yuni 1964 suka shiga situdiyon kamfanin a West Hampstead tare da furodusa Ken Jones, wanda shi ne ya ba su shawarar su gwada rubuta tasu waƙar maimakon ta wasu. Argent, saura kwana biyu ya cika 19, ya zo da She's Not There, ɗaya daga cikin waƙoƙin farko-farko da ya taɓa rubutawa a rayuwarsa.

Wanda bai taɓa jin ta ba ya nema ya ji, don a nan ake gane dalilin da ya sa har yau ake maganarsu. Ƙungiyoyin beat na lokacin sukan faɗo cikin waƙa da ƙarfi, jita na ƙara, kowa na ihu. Ita wannan da bes take farawa, a natse, ganga na bin sa da wani irin taku mai ɗan ɗingishi. Muryar Blunstone ta shigo kamar mai raɗa, tana hawa a hankali har ta kai inda take neman tsinkewa, 'yan amshi biyu na tallafe da ita. Inda aka saba jin mai jita ya nuna gwaninta, sai ga fiyanon lantarki yana gudu irin na makaɗan jaz. Argent ya taso ne cikin mawaƙan babbar majami'ar garinsu, kuma ana jin wannan tarbiyyar a yadda yake jera muryoyi uku su hau kan juna ba tare da wata ta danne wata ba. Waƙar ta kai ta 12 a Birtaniya, a Amurka ta kai ta biyu. Kafin shekara ta ƙare suna Niyok, a gidan wasa na Brooklyn Fox, cikin wasannin Kirsimeti na ɗan rediyo Murray the K, suna hawa dandamali sau da yawa a yini tare da irin su Ben E. King da Patti LaBelle, mutanen da a faifai kawai suka san su. A farkon 1965 Tell Her No ta kai ta shida a Amurka.

A gida kuwa Tell Her No a ta 42 ta tsaya, kuma daga nan ba su sake leƙa jerin arba'in na farko a ƙasarsu ba. Abu biyu suka jawo haka, kuma duka biyun daga wajen waɗanda aka ɗora wa alhakin tallata su suka fito.

Na farko shi ne kamannin da aka ba su. A lokacin da ake tallata The Rolling Stones a matsayin kangararrun yaran da iyaye ke tsoro, sashen talla na Decca ya zauna ya ƙirga yawan jarrabawar sakandaren da 'yan Zombies suka ci, ya raba wa jaridu. Ga hotuna na gaggawa da aka ɗauka, biyu daga cikinsu da tabarau. Sai suka zama 'yan boko masu ladabi a idon 'yan mata da samarin da ke sayen faifai, kuma wannan tambari bai goge ba. Na biyu shi ne yadda ake ɗaukar waƙoƙinsu. Furodusan ya ga abin da ya yi kasuwa a karon farko, sai ya nace a kan maimaita shi, musamman muryar nan mai raɗa, alhali a gaban jama'a ƙungiyar ta fi haka zafi nesa ba kusa ba. Babban faifansu na farko, wato mai waƙoƙi da yawa, Begin Here, a gurguje aka haɗa shi, ya fito a 1965, kusan rabinsa waƙoƙin Amurkawa ne da suka saba kaɗawa. Ƙananan faifai, masu waƙa ɗaya a kowane gefe, suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya har 1967, masu kyau da yawa a ciki, suna yin kwantai.

Yanzu ga maganar kuɗi, wadda ita ce zuciyar al'amarin.

Ƙungiyar kiɗa ta wancan zamani ƙofa uku kuɗi ke shigo mata. Ta farko kuɗin wasa: a gayyace ku zauren rawa ko sinima, ku kaɗa, a biya. Kafin kuɗin ya iso hannunku dillalin da ya samo wasan ya ciri nasa, manaja ya ciri nasa, an biya man mota da masauki da mai ɗaukar kaya, abin da ya rage a raba biyar. Wannan ƙofar tana buɗe ne muddin kuna da waƙa mai tashe a garin da kuke, kuma ranar da ba ku hau dandamali ba babu ko sisi.

Ta biyu kason faifai, wato abin da kamfani ke ba waɗanda suka kaɗa suka rera a kan kowane faifan da aka sayar. Don a gane ƙanƙantarsa, a dubi Beatles kansu. Yarjejeniyarsu ta farko da kamfanin faifai na EMI kwabo ɗaya ce a kan kowane ƙaramin faifai, su duka su raba, idan kuma a ƙasar waje aka sayar rabin kwabo. Dattawanmu da suka yi zamani da fam da sule kafin 1973 sun san lissafin, domin iri ɗaya ne: kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda, kwabo 240 ke nan a fam. Ashe faifai miliyan guda a gida bai wuce fam 4,200 ba, kafin a raba. Idan haka Beatles suka fara, sai a ƙiyasta na sauran.

Ƙofa ta uku ita ce haƙƙin marubuci, kuma ita ce mai albarka. Duk faifan da aka buga akwai kason wanda ya tsara waƙar. Duk lokacin da gidan rediyo ya sa ta, a Landan ne ko a Tokyo, akwai hukumomin da ke karɓar kuɗi su aika masa. Wani mawaƙi ya ɗauki waƙar ya sake rera ta, kuɗi ya sake shigowa. Mai waƙa yana barci ana tara masa. Sai dai wannan ƙofar ba ta san ƙungiya ba, sunan da aka rubuta a ƙarƙashin waƙar kawai ta sani. A cikin The Zombies sunaye biyu ne: Argent da White. Su biyun kuma suka yi dace da kamfanin kula da haƙƙi mai gaskiya, Marquis, kamar yadda Argent ya sha faɗa.

To sai a kwatanta zaman motar nan. Mutum biyar sun taso daga wani gari a arewacin Ingila da tsakar dare, gajiya ɗaya, sanyi ɗaya. Biyu suna da kuɗin da ke shigo musu daga Amurka da sauran ƙasashe ko an yi wasa ko ba a yi ba. Uku kuwa, Blunstone da Atkinson da Grundy, hannu baka hannu ƙwarya suke, abincinsu na rataye da kuɗin wasan da kullum raguwa yake. Babu wanda ya cuci wani a tsakaninsu. Argent da White su suka rubuta waƙoƙin da gaske. Amma ni ban yarda cewa She's Not There a takarda take ba. Cire muryar Blunstone, cire takun gangar Grundy, abin da ya rage ba shi mutane miliyan suka saya ba. Dokar haƙƙin mallaka kalmomi da karin waƙa take gani, ba ta ganin numfashin da ya sa waƙar ta shiga zuciya. Wannan giɓi ya cinye ƙungiyoyi da yawa. The Animals daga Newcastle sun ɗauki wata tsohuwar waƙar gargajiya ta Amurka a 1964 ta zama ta ɗaya a Birtaniya da Amurka, amma sunan mai kaɗa musu ogan, Alan Price, shi kaɗai aka rubuta a matsayin wanda ya tsara ta. A 1965 ya bar su, a 1966 ƙungiyar ta asali ta watse, kuma ɗacin abin ya bi su shekaru da dama.

Abin da ya buɗe wa The Zombies ido a ƙasar Filifin ya faru. A watan Maris na 1967 aka aike su wasa can, suna zaton wani ɗan otal ne za su nishaɗantar da baƙi. Da suka sauka Manila sai suka tarar da jama'a na jiransu a filin jirgi, waƙoƙinsu da dama na tashe a ƙasar ba su da labari. Dare goma suka yi a Araneta Coliseum, ɗaya daga cikin manyan zaurukan duniya a lokacin, dubun-dubatar mutane kowane dare. Abin da aka biya su kuwa kuɗin ƙaramin zauren rawa ne na Ingila. Kowa na iya ƙirga kujeru ya ninka da kuɗin tikiti, su ma sun ƙirga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da suka dawo gida suka raba gari da masu kula da harkarsu, zamansu da Decca shi ma ya zo ƙarshe.

Labarin Filifin ya tona wani abu kuma da mai karatu na yau zai yi wuyar ganewa. A yanzu mawaƙi na iya duba wayarsa ya ga garin da aka fi sauraronsa jiya. A 1967 labarin cinikin faifai a wata ƙasa sai ya yi watanni kafin ya iso, wani lokaci sai takardar lissafin kuɗi ta zo. Blunstone da Argent sun sha faɗa daga baya cewa ashe kusan a kowane lokaci suna da waƙa mai tashe a wani sashe na duniya, su kuwa jerin Birtaniya da Amurka kawai suke dubawa suna ganin sun gaza. Rashin sani ya fi dare duhu. Da akwai wanda ke bibiyar musu wannan da gaskiya, da sun san inda za su kai kayansu.

Kasuwar gida ita ma ta sauya a hannunsu. Beatles sun daina yawon wasa tun Agustan 1966. Cream da Jimi Hendrix sun shigo da kiɗa mai ƙara da tsawo, matasa sun koma sayen babban faifai suna zama su saurara, ƙungiyar beat mai kwat da waƙar minti biyu da rabi ta fara zama tsohon yayi. Sannan a watan Agustan 1967 doka ta rufe yawancin gidajen rediyon da ke watsa shiri daga jiragen ruwa a gaɓar teku, waɗanda su ne ke ba ƙananan ƙungiyoyi dama. BBC ta buɗe Radio 1 a ƙarshen Satumba, ƙofar ta zama guda ɗaya.

Cikin wannan hali suka samu yarjejeniyar yin babban faifai da kamfanin CBS a kan fam 1,000, da sharaɗin da suka daɗe suna nema: su ɗauki waƙoƙinsu da kansu, ba furodusa a kansu. A watan Yunin 1967 suka shiga situdiyon EMI na Abbey Road, Beatles ba su daɗe da kammala faifansu Sgt. Pepper a wurin ba, har injiniyan da ya yi wancan aikin, Geoff Emerick, yana cikin waɗanda suka yi musu nasu. Fam dubu ba ta ɗaukar ɓata lokaci, don haka sai su haddace waƙa tsaf a wurin gwaji, su shigo su ɗauke ta cikin 'yan awoyi. Ba su da kuɗin hayar masu goge da sarewa, sai Argent ya koma ga wata na'ura mai suna Mellotron. Kamar fiyano take, amma ƙarƙashin kowane maɓalli akwai zaren kaset da aka naɗi sautin goge ko sarewa na gaske. Ka danna, zaren ya yi gudu na kamar daƙiƙa takwas ya tsaya. Argent ya ce ta John Lennon na Beatles ce aka bari a ɗakin. Sautinta mai ɗan rawa, kamar ana jin kiɗa daga ɗakin maƙwabta, shi ne ya zama launin faifan gaba ɗaya. Talauci ne ya sa suka taɓa ta, kuma da sun samu kuɗin masu goge ban ga alamar faifan zai kai haka daɗi ba.

Waƙa 12 ne, White ya rubuta bakwai, Argent biyar. Ta farko wasiƙa ce ta murna zuwa ga masoyin da ya kusa fitowa daga kurkuku. Akwai wadda White ya rera da kansa da muryar da ke karkarwa, a bakin sojan da ke ramin yaƙin duniya na farko. Ta ƙarshe a jeri ita ce Time of the Season, kuma a wajen ɗaukarta aka ga yadda zukata suka gaji. Blunstone bai gama sabawa da ita ba, bai ma cika son ta ba. Yana tsaye gaban makirufo, Argent na ɗakin injiniya yana ta tsayar da shi yana gyara masa inda zai ja da inda zai saki. Da tura ta kai bango Blunstone ya ce masa tunda ka fi kowa iyawa shigo ka rera da kanka. Argent ya ce kai ne mawaƙin ƙungiyar nan, kana nan tsaye sai ka yi daidai. Ya tsaya ya yi. Wanda ya saurari waƙar, da tafin nan guda da ajiyar numfashin da ke biye da shi, da sanyin muryar, ba zai taɓa zaton cikin fushi aka rera ta ba.

Ƙananan faifai biyu aka fitar daga ciki a ƙarshen 1967, duka suka kwanta. Atkinson na shirin aure, ya faɗa wa 'yan'uwansa gaskiya cewa ba shi da ko kwabo, dole ya nemi abin yi. Blunstone ma ya gaji. A watan Disamba suka yi wasanninsu na ƙarshe, kowa ya kama gabansa, yawancinsu ba su wuce shekara 22 ba. Ba baram-baram suka rabu ba, kuma wannan ne ya fi taɓa ni a labarin: abokai ne tun yarinta da suka kai inda uku ba za su iya ci gaba da zama ba, biyu kuma ba su da hanyar riƙe su.

Ko bayan rabuwar faifan bai gama cin kuɗi ba. CBS ta ce tana son a sake haɗa sautin ya fita ta lasifika biyu, ga shi fam dubun ta ƙare. Argent da White suka ciro daga kuɗinsu na marubuta suka biya. Dole a faɗi wannan don a yi musu adalci: ƙofar da ta raba ƙungiyar ita ce kuma ta ceci faifan. Abokin zaman White, Terry Quirk, ya zana bangon, ya yi kuskuren harafi a sunan, aka buga shi haka nan, Odessey and Oracle. Shekaru suka yi suna cewa da gangan ne kafin su amsa cewa kuskure ne. Ya fito a Birtaniya a watan Afrilun 1968, babu ƙungiyar da za ta tallata shi, ya wuce shiru.

Da a nan labarin zai ƙare ba don Al Kooper ba, makaɗin Amurka da bai daɗe da kama aiki da kamfanin Columbia, wato CBS ta Amurka, ba. Ya je Landan ya sayo tarin faifai, wannan ya fita daban a kunnensa, ya matsa wa shugaban kamfanin, Clive Davis, har aka fitar da shi a ƙarƙashin wani ƙaramin reshe mai suna Date. Waƙar sojan aka tura gidajen rediyo, da tunanin za ta dace da zafin yaƙin Biyetnam, ba ta je ko'ina ba. Time of the Season daga baya aka gwada. Wani gidan rediyo a Boise ta jihar Idaho ya riƙe ta yana sawa, ta riƙa yaɗuwa gari-gari a hankali har ta haura faifai miliyan. A Birtaniya kuwa ba ta shiga jeri ba ko kaɗan.

An yi musu tayin kuɗi masu yawa su dawo, suka ƙi. Argent ya riga ya fara haɗa sabuwar ƙungiya mai ɗauke da sunansa, tare da ɗan'uwan nan nasa Rodford, White na rubutu da tsara sauti a bayan fage, kuma shi mutum ne da ba ya son waiwaye. Ina girmama wannan matsayi. Amma ina lura da cewa tsarin nan dai bai sake su ba: nasarar waƙar ta isa ga marubucinta ko ya hau jirgi ko bai hau ba, waɗanda yawon wasan zai fi amfana kuwa ba su ne ke da ikon kiran taro ba.

Kuɗin wasan da suka bari wasu suka kwashe. Wani kamfanin shirya wasanni a jihar Michigan, Delta Promotions, ya haɗa ƙungiyoyin bogi har biyu ya sa musu suna The Zombies, suka bazu cikin Amurka a 1969. Abin ya yiwu ne domin mutane rediyo suka sani, ba fuska ba. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin 'yan Texas ne, ba su da ko mai kaɗa fiyano, a ƙungiyar da fiyano ne ƙashin bayanta. Biyu daga cikinsu, Dusty Hill da Frank Beard, su ne daga baya suka shahara a ƙungiyar ZZ Top. Sai da White ya fito a mujallar Rolling Stone ya tona asiri.

Shin da sun raba haƙƙin rubutu biyar da sun ɗore? Ba zan rantse ba, domin gajiya da ƙuruciya da sauyin kasuwa duk suna nan. Amma ƙungiyoyin da suka zo daga baya sun koyi darasin. R.E.M. sun riƙa sa sunayensu duka a kan kowace waƙa ko wa ya kawo ta, suka yi shekara 31 tare. U2 raba kuɗinsu suke daidai, kuma mutum huɗun da suka fito a faifansu na farko a 1980 su ne har yau. Abin da The Zombies suka rasa wata 15 ne kacal, daga Disambar 1967 zuwa Maris na 1969. Kuɗin da zai riƙe samari uku na wannan ɗan lokaci yana shigowa ƙungiyar, ta ƙofar da ba tasu ba. Su kansu Argent da White, da suka fara sabuwar tafiya, sun yanke cewa duk waƙar da ɗayansu ya rubuta sunan su biyun za a sa.

Kowa ya samu hanyarsa. Ƙungiyar Argent ta yi tashe a 1972. Blunstone ya bar inshora ya dawo waƙa, da farko da sunan aro, Neil MacArthur, daga baya da sunansa, Argent da White na tsara masa sauti. Grundy da Atkinson sun koma ɓangaren kamfani, Atkinson har ya zama babban jami'in zaɓen mawaƙa a Amurka. Faifan da ya yi kwantai kuwa bai daina tafiya ba, daga hannu zuwa hannu, mawaƙa na gaya wa mawaƙa, har mujallar Rolling Stone ta sa shi cikin ɗari na farko a jerinta na manyan faifai 500 na 2003.

A Janairun 2004 su biyar suka hau dandamali tare a Los Angeles, a wani taro da aka shirya don Atkinson, wanda ciwo ya ci ƙarfinsa. Ya ɗauki jitarsa ya kaɗa tare da su. Ranar 1 ga Afrilu ya mutu. A watan Maris na 2008 huɗun da suka rage suka kaɗa Odessey and Oracle daga farko har ƙarshe a Shepherd's Bush Empire a Landan, karo na farko da aka taɓa yin haka a gaban jama'a, shekara 40 bayan fitowarsa. Ranar 29 ga Maris 2019 aka shigar da su zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame. A Brooklyn aka yi bikin, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa daga inda gidan wasan Fox yake a da, inda suka fara sauka a Kirsimetin 1964. Argent da Blunstone da White da Grundy suka hau, duk sun haura saba'in, suka kaɗa waƙa huɗu.